Bayya da Aljani Mai Tsoron Duhu

A unguwar masaƙan darduma ta birnin Ƙairawan, in ka tambayi gidan Bayya sai a ce maka, "Bayya mai karatu?" kamar akwai wata. Gajeruwa ce mai jiki, muryarta kuwa ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Mahaifinta ɗinkin littattafai yake yi kusa da babban masallaci, a shagonsa ta koyi karatu, tana cinye duk littafin da aka kawo gyara kafin mai shi ya zo karɓa. Ta auri Si Hamadi mai tasi, mutumin kirki, sai dai in tana karanta masa barci kan kwashe shi kafin ta kai ƙarshen shafi. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya riga ta gidan gaskiya ya bar mata ɗaki biyu da soro a samansu inda ake shanya.

Duk shekara in zafi ya kankama, matan layin kan haɗu su yi ula, tanadin kuskus na shekara, yau a soron wannan, gobe a na waccan. A kewaye akusa, a yayyafa wa tsakin alkama ruwan gishiri, a murza, a tankaɗe, a turara, a shanya a kan fararen zannuwa. Aikin hannu ne, hannun Bayya kuwa, Allah na tuba, ba don wannan aka yi shi ba. Kuskus ɗinta curi-curi yake fita kamar kashin awaki. Tun Bayya tana amarya maƙwabciyarta Manjiya, wadda bakinta ba shi da linzami, ta ƙwace akushin ta ce ta nemi wata sana'ar kafin ta kashe unguwa da ciwon ciki. Washegari Bayya ta hau soro da littafi a hammata, aka ajiye mata kujera, shi ke nan ta samu gurbi. Su murza, ita ta karanta, in layi ya zo kanta su hau soronta su yi mata nata, kuma ba wadda ta taɓa kiransa sadaka. Wannan kujerar ta gefen inuwa ita ce dangin Bayya, ita ce 'ya'yanta.

Littafin bana na ban dariya ne, labarin wani aljani, Karkur, mai tsoron duhu, wanda sarkin aljanu ya rasa wa zai ba gadin kasuwa da dare sai shi. Matsalar ita ce tun lokacin sanyi yanar ido ta fara rufe wa Bayya gani. Babin farko ta lallaɓa ta karanta da ƙyar, tana kai littafin har hanci. A na biyu haruffan suka zama kamar tururuwa a cikin nono. Tsoro ya kama ta ƙwarai. In ba karatu, da me za ta hau soron mutane? Ta zauna a riƙa yi mata aiki tana kallo? Gara ta mutu.

Sai ta lashi yatsa, ta juya shafi, ta ci gaba da ƙago labarin daga kanta.

Ai kuwa Karkur ya ga duniya. Ya ɗaura fitila a wutsiya ya ƙone rumfar mai yaji, kasuwa ta kwana tana atishawa. Ya faɗa son wata dodanniya mai sayar da kifi, yana kai mata toshin albasa. A kan wannan soyayyar sai da aka kusa ɓatawa a soro. Manjiya ta ce dodanniyar ta yi hankali, namiji matsoraci ta san irinsa, shekara da shekaru tana wanke wa ɗaya riga. Hajja Duja, wadda duk aka ambaci aljani sai ta yi a'uziyya ta watsa ɗan gishiri bayanta, ta ce a bar bawan Allah ya yi aure ko ya natsu, kuma ita ce kullum mai fara cewa, "To, sai aka yi yaya?" Bayya tana jin su, tana ɗinka babin gobe da abin da suka faɗa yau. Da dare kuma ta kasa barci don fargaba.

A soron Hajja Duja asiri ya tonu. Surukarta Nadra, amarya 'yar garin Susa, labarin ya shiga ranta har ta kasa haƙuri, ta sa mijinta ya sayo mata nata littafin. Ba da mugun nufi ta hau da shi ba, wallahi, so take ta nuna wa Bayya irin ƙaunar da take wa karatunta. Bayya na tsakiyar ɗaurin auren Karkur, limamin aljanu ya ɓata da sadaki, sai yarinyar ta ɗago kai tana juya shafuka.

"Inna Bayya, nawa ko ba cikakke ba ne? Na duba ko'ina ban ga dodanniyar ba."

Hannuwa suka tsaya cak a cikin akusa. Bayya ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa. Ta rufe littafin a hankali, ta ce, "Naki cikakke ne, 'yar nan. Idona ne ba cikakke ba." Ta fara laluben takalminta.

"Ina za ki, uwar 'yan ƙarya?" in ji Manjiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Zauna. Ke a zatonki mu jakuna ne? Tun ranar da mahaucin aljanu ya fito yana ɗingishi da ƙafar hagu yana tauye mudu na ce wa Duja, wannan ai mahaucinmu ne."

Hajja Duja ta ce ita ma ta gane, kuma har ta yi wa jikanta likita magana a kan idon, tana neman bakin da za ta faɗa ne ta rasa. Nadra kuwa kuka take shirin yi, tana ta ba da haƙuri. Bayya ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Kunya ba ta sake ta ba, amma ta san abin da ya rage ta yi. Ta koma ta zauna, ba a kujerar ba, a tabarma kusa da Manjiya, ta ce wa yarinyar ta hau kujerar ta karanta musu na gaskiyan, daga inda ido ya tsaya.

Nadra ta fara karantawa ƙasa-ƙasa. Bayya ta tsare ta sau biyu, ta ce aljani ba ya magana kamar mai tallan turare, ta buɗe maƙogwaro. Daga nan Bayya ta kasa kunne. A littafin ashe Karkur bai yi aure ba. Ɓarayi ne suka shigo kasuwa, tsoro ya sa ya shige tulun mai, tulun ya gangara da shi yana salati, ɓarayin suka zubar da kaya suka ranta a na kare, gari ya waye ana yi masa kirarin jarumi.

Dariya ta kama Bayya ba shiri. Ta riƙe ciki, ta faɗa jikin Manjiya, ta ture rariya, hawaye na zuba ta kasa tsayar da su. Tun tana yarinya a shagon mahaifinta ita ke karanta wa mutane, tana sanin abin da ke tafe kafin kowa. Ba a taɓa karanta mata ba sai yau.

Da ta samu numfashi ta goge ido da gefen mayafi, ta dubi inda fuskokinsu suke.

"Ashe haka kuke ji," in ji ta. "Duk shekarun nan, munafukai, ba wadda ta gaya mini." Ta gyara zama. "Ci gaba, 'yar nan. A hankali."