Katin Asibitin Musa Mai Rijiya

Duk wanda ya sha ruwa a Kaikai ko Bauranya cikin shekara arba'in ɗin nan, to ya sha gumin babana, ko ya sani ko bai sani ba. Musa Mai Rijiya ake ce mashi. Ni ce Haulatu, ɗiyarsa ta fari, kuma ni ce na yi wata tara ina riƙe da hannunsa tsakanin Kusada da Kankiya saboda kati guda da bai kai tafin hannu ba. Shi ba zai ba da labarin nan ba. In ka tambaye shi, alhamdu lillahi zai ce, ya yi shiru. To ni zan faɗa.

Baba ba haifaffen nan ba ne. Daga wani ƙauye gabas da Maraɗi ya zo, shekarar babban fari, yana ɗan shekara goma sha bakwai, bayan dabbobin gidansu sun ƙare. Mahaifinsa, Dikko, ya rako shi bakin hanya ya koma, ba su sake ganin juna ba. A Kusada ya sauka gidan Alhaji Ɗanmaliki, mai sayar da hatsi, wanda zaurensa ba ya rabuwa da baƙi. Nan ya ci tuwo, nan ya yi noma, nan ya koyi haƙar rijiya. Alhajin ne ma ya nema mashi auren innarmu.

Da aka zo ɗaukar ma'aikatan ruwa, lokacin Kusada tana ƙarƙashin Kankiya, Alhaji ya kai shi gaban akawu da kansa. Akawu ya tambayi suna, Alhaji ya ce yaron gidansa ne, a rubuta Musa Ɗanmaliki. Haka ake yi a lokacin. Baƙo da sunan maigidansa ake saninsa, kuma mutunci ne, don in ya yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Baba bai yi boko ba. Ya dangwala yatsa, aka rufe fayil.

Shekara talatin da biyar ya yi a aikin nan. Na tashi ina ganin sawun igiya a ƙugunsa. Kafin ya shiga rami sai ya zura fitila a guga; in ta mutu a ƙasa, ba mai shiga ranar, ko wa ya zo da faɗa. Sau ɗaya a Bauranya yashi ya rufta mashi har ƙirji, aka zaro shi, ya huta kwana huɗu ya koma ya ƙarasa rijiyar. Da zamani ya kawo famfon tuƙa-tuƙa, ya koyi gyaransa, ya riƙa yawo a keke da buhun ƙarafuna. Matan Fulani kan tsayar da shi a hanya su cika mashi ƙwarya da nono, don sun san wanda ya sa shanunsu ba su kwana da ƙishi ba. Da ya yi ritaya aka ba shi takardar yabo, muka lanƙaya ta a bango.

Shekara biyu da suka wuce ya fara tuntuɓe da buta, yana wuce mutane ba gaisuwa, shi da ba ya wuce ko yaro. Muka ce tsufa ne. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya yi nisa, na dama ana iya tsare shi da aiki da maganin ɗigawa kullum, amma mu sani, abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani muna saye in hali ya yi. Aikin ido kuwa ya fi ƙarfinmu. Sai ga sanarwa cewa tsofaffin ma'aikata su je a yi masu katin asibiti, wanda zai ɗauki nauyin irin wannan. Na ce to, ga ranar da rijiyoyin Baba za su yi mashi rana.

A ofishin yin katin a Kankiya muka sami wani matashi, Musbahu, sa'an ƙanena na uku. Ya karɓi takardun fansho da katin ɗan ƙasa, ya danna kwamfuta, ya turo mana su. Ya ce mutum biyu muka kawo mashi: a fayil Musa Ɗanmaliki, a katin ɗan ƙasa Musa Dikko. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka yi wa Baba katin ɗan ƙasa, sunan mahaifi aka tambaye shi, shi kuwa ya faɗi sunan mahaifinsa. Me ake so ya ce?

Na yi wa Musbahu bayani tiryan-tiryan. Ya ce shi kwamfuta ba ta san maigida ba. Hanya mai sauƙi, a je kotu Baba ya rantse cewa Ɗanmaliki ne ya haife shi, a gyara katin ɗan ƙasa, cikin sati biyu an gama. Ya ƙara da cewa kowa haka yake yi.

A kan hanyarmu ta komawa na ce, "Baba, gobe sai kotu."

Ya ce, "In je in ce me, Haulatu?"

Na ce takarda ce kawai. Ya ce ai Alƙur'ani ba takarda ba ne kawai. Mutumin da ya rako shi bakin hanya, ya rasu bai samu ya yi mashi ko sallar jana'iza ba, shi ne yanzu zai tsaya gaban alƙali ya ce bai san shi ba? Ba zan ɓoye ba, na yi mashi faɗa irin wanda bai kamata ɗiya ta yi wa ubanta ba. Na ce idonsa ne fa, ba na Dikko ba. Na je na ɗauko Bishir, babban ɗan marigayi Alhaji Ɗanmaliki, ko zai ji tasa. Bishir ya durƙusa ya ce, Baba Musa, da Alhaji yana da rai da kansa zai kai ka kotun, ai ɗa ya ɗauke ka. Baba ya dafa kan Bishir.

"Alhaji ya yi mani komai, Bishir, Allah ya ji ƙan shi. Amma bai haife ni ba."

Daga nan na san maganar rantsuwa ta mutu. Sai muka bi doguwar hanya, wato mu tabbatar masu da cewa Musa biyun nan mutum ɗaya ne. Aka ce mu kawo takardar mai unguwa, muka kawo. Aka ce sai da ta dagaci. Muka kawo, aka ce hoton ya tsufa. Bishir ya rufe shagonsa sau uku ya biyo mu ya yi shaida, aka ce shaidar baki ba ta shiga fayil. Yau babu wuta, gobe babu sabis, jibi mai sa hannu ya tafi taro Katsina. Baba yana zaune a benci da sauran tsofaffi, hularsa a gwiwa, kowa ya wuce ya ce mashi sannu da aiki, har mai shara. Ni kuwa ina lura. A wata na uku yana gane motar da za mu shiga. A wata na shida sai na ɗora mashi ƙafa a kan matakala.

Ranar da na fashe, a wata na bakwai ne. Na ji Musbahu yana ce wa abokin aikinsa, ba tare da ya rage murya ba, wai ai tsohon nan asali ma ba ɗan ƙasar nan ba ne, ya gode Allah da ake ba shi fansho. Na taka har gaban teburinsa na tambaye shi ɗan ina ne. Ya ce Kaikai, yana wani ɗaga kafaɗa.

Na ce, "Madalla. Rijiyar bakin masallacin Juma'a, wadda aka ɗebo ruwan wankanka ranar da aka haife ka, je ka tambayi innarka wa ya haƙa ta. Lokacin da yake ƙasan ramin ba wanda ya leƙa ya tambaye shi ɗan wace ƙasa ne."

Tsofaffin benci suka yi ta gyaɗa kai. Baba ya ce in yi haƙuri, yaro ne. Musbahu ya sunkuyar da kai, amma fayil ɗin bai motsa ba. Ina jin ma ƙasan tarin fayiloli ya koma.

A wata na tara wata babbar ma'aikaciya, Hajiya Lailatu, ta zo duba ofishin. Na tare ta a ƙofa, ban bari ta zauna ba. Ta buɗe fayil, ta duba, ko minti biyu ba ta yi ba. Ta kira Musbahu ta nuna mashi wani layi a shafi na biyu na fom ɗin, inda aka ce a rubuta wani sunan da aka san mutum da shi, in akwai. Ta ce don irin su Baba aka yi layin, tsofaffin ma'aikata da yawa sunan iyayen gidansu ke fayil. Layin nan yana nan tun ranar farko. Ba wanda ya juya shafin. Ta ba Baba haƙuri, shi kuma ya yi ta sa mata albarka, har da Musbahu a ciki.

Kati ya fito, aka yi aikin. Likita ya ce na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama an tsayar da ciwon, amma abin da ya rage kaɗan ne. Da mun zo wata shida baya, da wata magana ake yi. Na tambayi Baba me yake gani yanzu. Ya ce kamar yana ƙasan rijiya ya ɗaga kai, ɗan haske zagayayye a sama, gefe duk duhu. Ya yi dariya ya ce ai wurin ba baƙonsa ba ne. Ni ban yi dariya ba, kuma har yau ban yi ba.

Da muka dawo gida ya zauna a tabarma ya miƙo mani katin, ya ce in karanta mashi abin da suka rubuta. Na karanta: Musa Dikko Ɗanmaliki. Ya ce in sake. Na sake. Ya tambaya ko na tabbata Dikko ne a gaba, na ce na tabbata. Ya karɓa ya shafa shi da babban yatsa, ya sa a aljihun gaba, sannan ya ce in miƙo mashi buta. Tana nan dab da ƙafarsa.