Abin Wuyan Karen Madam

A shekarar da aka matsa da ɗauke wuta a Alƙahira, ina aikatau a wani gida a unguwar Dokki, kullum daga unguwar Ainu Shams nake tasowa a jirgin ƙasa na metro. Matar gidan, wadda muke kira Madam, abu biyu take ji da su: ciyawar da aka shimfiɗa mata a gaban gida, da wani ƙaton kare mai kai kamar turmi. Sai dai ba ta yarda su haɗu ba.

Don haka ta sa aka binne waya a ƙasa kewaye da ciyawar, aka ɗaura wa karen abin wuya mai ƙarafa biyu a ciki. In ya matso kusa da wayar, abin ya yi ƙara tit-tit. In ya yi taurin kai, lantarki ya ja shi. Ranar da aka gama aikin ta nuna ni da yatsa.

"Kula da shi aikinki ne. Ranar da na gan shi a kan ciyawar nan, ke da gidan nan khalas, kun rabu."

"Tamam, ya Madam," na ce.

Ni kuwa tun ina yarinya ba na shiri da kare. Kwanon abincinsa ma da tsintsiya nake tura masa. Amma shingen wayar ya yi mini rana, domin na samu wuri ɗaya a gidan da bakinsa bai taɓa kaiwa ba. Da Madam ta fita, sai in shimfiɗa sallayata a tsakiyar ciyawa.

Wata azahar, ina raka'a ta uku, na ji injin ruwan maƙwabta ya yi tsit. An ɗauke wuta, wayar ta mutu ke nan. Ina zaman tahiya na ji huci a bayan kunnena. Yadda na yi sallama, Allah kaɗai ya sani. Ga gogan naku kwance a gefen sallayata, yana goga bayansa a ciyawar da aka hana shi. Na daɗe a zaune ko yatsa ban motsa ba, ba addu'ar da ban karanta ba.

Ina nan wuta ta dawo. Ya tashi zai koma wajen ruwansa, yana isa bakin ciyawa abin ya ja shi. Ya kurma ihu ya dawo da gudu. Ya gwada ta wancan gefe, haka. Ashe ita wayar ba ruwanta da mai shiga ko mai fita. Akwatin kashe ta yana gareji, makullin yana jakar Madam, ita kuwa la'asar ba ta yi mata a waje.

Na kira shi daga bakin baranda, na nuna masa nama, ya ƙi. Sai zagaye yake, haƙora a waje, jikinsa na ɓari. Ba abin da ya rage sai in cire masa abin nan da hannuna.

Na koma cikin ciyawar. "Ma'alish, yi haƙuri, bawan Allah," nake ta ce masa, "kada ka cije ni, nima ba da son raina ba." Ya yi gurnani. Na tura yatsu cikin gashin wuyansa, zafi rau, jijiyarsa na bugawa da sauri kamar tawa. Maɗaurin ya ƙi, na sake gwadawa, ya buɗe. Na ja shi da lallashi har ya tsallake.

Ni kuma, uwar wayo, na biyo shi da abin wuyan dunƙule a tafin hannuna. Na ji tit-tit ɗin sarai, ban kawo komai a raina ba. Abin ya fizge ni tun daga yatsu har haƙora, na yar da shi ina salati. Wannan ne Madam take cewa ɗan tsikari ne kawai.

Sai ga hon ɗin motarta a ƙofa.

Na tsinci abin, na tsuguna a gabansa. Da kansa ya miƙo mini wuya, yana kaɗa jela. Ban taɓa jin kunyar dabba ba sai ranar. Hannuna bai daina zogi ba na ɗaura masa, na ja maɗaurin har ƙarafan suka zauna a fatarsa, sannan na tafi buɗe ƙofa.