Zabuwar Kaka Dije

A gidanmu na Kebbe yaro ba ya kuka da ƙarfi. Da ya buɗe baki, tafin hannun uwarsa ya rufe shi. Mu dai mun ɗauka tarbiyya ce.

Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhun Kaka Dije, mahaifiyar Baba, tana gasa mana gyaɗa, tana tsokanata da "mai bakin ganga". Tatsuniyar zabuwa ta fi yi mana. Shirwa ta sauko, zabuwa ta shige ciyawa da 'ya'yanta, ƙaramin ya soma kuka, ta danne shi da fiffike. Kullum nan take tsayawa. In mun matsa mata, sai ta ce, "Gyaɗarku na ƙonewa."

Shekarar da aka fara kawo takin zamani, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da ruri, maza suna dirowa da hayaniya. Ƙanena Sani, ɗan wata bakwai, ya tsala kuka. Kafin mu ankara Kaka ta fizge shi, ta faɗa ɗaki, ta toshe masa baki da hanci. Sai da Baba ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya yi laushi, sai da aka yayyafa masa ruwa ya ja numfashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Inna, kashe shi za ki yi?" in ji Baba.

Ta daɗe tana kallon hannunta. "Hakanga uwata tay yi ran da mahara sunka shigo kamun bayi. Cikin rumbu munka ɓoye. Da sunka wuce, ƙanena Garba bai ƙara motsi ba. Ina kwance gefenai."

Ko Baba bai taɓa jin sunan ba.

Bayan shekaru masu yawa, 'yata, wadda ta karanci ilimin ƙwaƙwalwa, ta ce tsananin tsoro kan bar ƙwaƙwalwa cikin shirin gudu, jariri kuma yana ɗaukar darasin daga jikin mai riƙe da shi. Ta ce faɗar abin a cikin dangi yana sassauta shi. Muka tara matan gidanmu daga Fakku har Tambuwal, muka ƙarasa tatsuniyar da sunan Garba, aka yi masa addu'a da sadakar masa.

Jiya jikana ya ɓarke da kuka, na ga hannuna ya tashi da kansa. Na mayar da hannun ƙarƙashin cinyata, na danne. Yaron ya yi ta kuka har maƙwabta suka ji.