Daɓen da Ya Ƙi Karɓar Iri

A gidanmu na Babban Duhu kowane ɗaki da daɓensa, ban da ɗakin kakata Tabawa. Nata rairayi kawai ake zubawa, in ya yi datti a kwashe a kawo sabo. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, domin duk tsofaffin garin sun shaida cewa a ƙuruciyarta babu macen da ta kama ƙafarta a daɓe, daga nan har Batsari.

A lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa ban wuce shekara tara ba. Da sanyi ya shigo, in an ci tuwo bayan magariba, mu jikoki mukan kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta ta yi mana tatsuniya. Wata rana ƙuma suka dame ni a cikin rairayin nan, sai na kasa riƙe bakina.

"Kaka, ke da kika iya daɓe, mi ya sa ɗakinki kamar turken awaki?"

Na zaci za ta kai mini ranƙwashi. Sai ta daɗe tana tura kara cikin wuta.

"Uwar surutu, matso kusa," in ji ta. "Ta yau ba kura ba zomo. Wagga da idona na gan ta, kuma da hannuna na yi ta."

Ta ce lokacin tana goyon ɗanta na fari, akwai wani Baturen mulki da ke yawan sauka a barikin da ke kan hanyar Safana in ya fito rangadi. Mutumin yana son wani wasa da ake ja raga a tsakiya, a riƙa dukan ƙaramar ƙwallo da wani abu kamar rariya mai mariƙi. Mu daga baya muka san sunansa tanis. Ya gayyato 'yan'uwansa daga Katsina, da Faransawa daga tsallaken iyaka, su zo a kara a ga gwani. Sai dai wasan ba ya yiwuwa sai a ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Duk kewayen barikin kuwa babu wuri mai kyan shimfiɗa kamar gonar babanta, Malam Sanda, kuma ita kaɗai gare shi.

Ɗan aiken mai gari ya ce aro ne, na rani ɗaya, damina na faɗuwa za a mayar. Aka tara matan ƙauyuka uku don su daɓe filin, aka sa Tabawa a gaba. Ana gobe za a fara, babanta ya kira ta bayan rumbu.

"Ɗiyata, ki yi masu daɓen ganin ido. Kar ki sa makuba, kar ki bari a daka shi ya mutu. Ruwan farko ya jiƙa shi in sa garma. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Ta ji ɗin. Amma da gari ya waye aka kawo jar ƙasar suri a kan jakuna, mata suka jeru da madaɓai, aka ɗauki waƙa, sai mai ba da waƙar ta sako sunanta, tana cewa daɓen Tabawa ba ya tsagewa. Matan Darini kuma, ɗaya daga ƙauyukan ukun, suna gefe suna kallon hannunta, suna jiran su ga inda za ta gaza.

"Wallahi ban san sa'ad da na ce a jiƙo ɓawon ɗorawa a yi makuba ba," in ji ta. "Hannu ne ya rinjaye ni. Ban taɓa yin mugun daɓe ba, kuma ran nan na ji kunyar in fara a gaban mutane."

Kwana bakwai suna yayyafa ruwan makuba suna duka. Filin ya fito ja, sumul, in ka taka kamar dutse. Baturen ya buga ƙwallo ta yi tsalle har ƙirjinsa, ya yi dariya. Baƙin suka zo cikin fararen kaya, suka yi kwana uku suna wasa, wani Bafaranshe ya tafi da kofin azurfa. Suka ce ba su taɓa taka fili irin wannan ba, don haka baɗi ma a nan za a yi. Aron rani ɗaya ya zama na kowace shekara, kuma kowace shekara ita ake kira ta sake dukansa. Babanta ya koma noman gefen dutse a gonar ƙanensa. Bai taɓa yi mata faɗa ba, ta ce da ma ya yi.

Da babban yaƙin Turawa na farko ya tashi, baƙin suka daina zuwa. Aka naɗe raga, aka ce Malam Sanda ya karɓi gonarsa. Ruwan shuka na sauka ya ɗauki sungumi, ita kuma ta bi shi da ƙwaryar iri. Ya sara, sungumin ya yi ƙara ya dawo. Ya matsa gaba ya sake sarawa. Ruwan da aka kwana ana yi yana kwance a saman filin, ko ɗigo bai shiga ba. Tsohon ya tsaya yana haki, ya dube ta.

"Tabawa, kin iya daɓe."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya rasu bayan damina biyu, bai ci ko zangarniya ɗaya daga gonar ba. Tun daga ranar da ya faɗa mata haka ba ta sake taɓa madaɓi ba.

Muka zauna muna jira ta rufe labarin yadda ta saba, ta ce ƙarya ta yi mana. Ba ta ce ba. Ta tashi ta shige ɗakinta, muna jin rairayi na ƙara a ƙarƙashin ƙafarta.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne a bi maganar iyaye. Da na girma na zama mai sana'a ni ma, na ɗanɗana daɗin yabo, sai na gane abin ya fi haka nauyi. Ba lalaci ne ya ci gonar ba, ƙwarewa ce da ba ta tsaya ta tambayi wa take yi wa aiki ba. Har yau ina jin tausayinta, kuma ban tabbata ni da na iya sassauta hannuna ba.

Bayan rasuwarta na je na ga wurin. Barikin ya rushe, babu wanda ya tuna da Turawan ko kofinsu. Filin kuwa yana nan, ja, ciyawa ta tsaya a bakinsa. Na tarar da mata sun baza wake a kai suna shanya. Wata ta ga ina shafa ƙasar da tafin hannu, ta ce ai ko tsakuwa ɗaya ba ta shiga hatsi a nan, Allah ya ji ƙan wadda ta yi wannan daɓe.

Na ce amin. Sannan na ƙara da cewa, da mai gonar.