Rigar da Muke Sawa Ni da Maigida

"Tsaya, Malam. Wagga riga ta maza ce ko ta mata?"

Wani jami'in kwastan na Nijar ne ya tare maigidana da wannan tambaya a kan iyakar Jibiya, muna hanyar Maraɗi, a shekarun da kuɗin fetur suka fara yawo. Ina amarya a lokacin, ba ni da aiki sai karatun ƙananan littattafai da taka keken ɗinki.

Ni na ƙirƙiro rigar. Baƙin saƙi ce, wuyanta a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga aljihu uku. Ranar Juma'a ma ita na sa zuwa suna. Surukata kuwa ta rantse, in aka yi wa ɗanta ba'a a waje, keken zai bar gidan.

Direbobi suka matso.

Maigida ya gyara hula, ya ce, "Ta wanda ya fara farkawa ce a gidanmu. Yau na yi sa'a."

Jami'in ya shafa saƙin. "Wa ya ɗinka?"

"Ga telar nan a bayana."

"Madam, ki yi mani guda. Ɗaya ta isa, tsawonmu ɗaya da iyalina."

Tunda ba zan auna namijin da ba nawa ba, maigida ya ari igiya ya auna shi a gaban kowa, yana ƙulla alama. Da ƙullin nan na yi ɗinkina na farko na waje.

Har gobe ina alfahari da maigidan nan nawa. Ku fa, wa ya fara tsaya wa aikin hannunku?