Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Shekarar da aka gama yaƙin Kuwait a unguwar Ruwais ta Jidda muke zaune, a saman wani tsohon bene da iskar teku ta cinye wa fenti. Ban kai shekara goma ba. Maƙwabta sun ɓamɓare salatif ɗin da suka liƙe tagogi da shi don tsoron hayaƙi mai guba, yara sun koma ƙwallo a lungu, kowa na cewa halas, an gama. Mu dai a gidanmu ba a gama ba. Babana direban tirela ne. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya aike shi Kuwait da kaya dab da fara rigimar, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Mahaifiyarsa, da muke ce wa Iya, gyaɗa take sayarwa a kasuwar Bab Makka. Bayan magariba takan hau rufin bene ta hura gawayi, ta ɗora kasko da rairayi ta fara suya. Ni da ƙanena Bashir muna murje ɓawo, Umma tana ƙullawa a leda. Rediyo na gefe bisa bulo. Sai an ji labaran duniya tukuna a yi tatsuniya. Mai labarai ya ce rijiyoyin mai na ci da wuta, an yi musayar fursunoni, manyan ƙasashe sun zauna taro. Iya takan kasa kunne har ƙarshe, ludayi a tsaye a hannunta, sannan ta ce, "Yau ma ba su zo kanmu ba. Kashe shi, kada ya sha mana batir a banza."

Ba ofishin da za mu iya zuwa cigiya. Iƙamar Umma, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin ta Baba take, ta kuma ƙare. Iya kuwa tun da ta zo hajji daga Damagaram ba ta taɓa riƙe takarda ba. Wanda ya shiga ofis a haka, jirgi ne zai mayar da shi ƙasarsu. Gidan kafili kuma kullum mai gadi cewa yake maigidan ya yi tafiya. Abin da ya rage shi ne tambayar direbobi a garejojin Khumra.

A nan ma akwai cikas. Baba ɗan fari ne, Iya ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Umma kuma ba ta faɗin sunan miji, sai "babansu". Saboda haka da ni ake tafiya. Iya ta gaisa da direba, ta yi bayani, in an zo kan suna sai ta taɓa kafaɗata.

"Dije, gaya masa."

"Idrisa," in ce. "Dogo, mai wushirya."

"Hajiya, Idrisa nawa ne a kan hanyar nan?" in ji wani tsohon direba ɗan Cadi. "Allah dai ya bayyana shi."

A watannin nan ne Iya ta kama wata tatsuniya ta ƙi saki. Takan ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa, wa zai yi mata iso?" Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Wai zaki da giwa ne suka yi faɗa a kan tafki, har ƙasa ta yi ta girgiza. Ashe da safiyar ranar wata zabuwa ta aiki ɗanta ɗebo ruwa. Da manyan suka gaji suka shirya, hankaka ya bi daji yana shela: an yi sulhu, zaki ya rasa haƙori, giwa ta yi targaɗe, kowa ya fito kiwo. Zabuwa ta bi shi da gudu tana cewa, "Ɗana fa?" Hankaka ya ce ta je fada ta tambaya. To ita a gonar zaki take zaune a ɓoye, in ta je fada miya za a yi da ita. Sai ta hau kututture da yamma tana kira. Shi ya sa har yau zabuwa ke kuka in rana za ta faɗi.

"Sai me ya faru?" in ji Bashir.

"Sai gari ya waye."

"Iya, wannan ai ba tatsuniya ba ce. Yalla, maza ki dawo da ɗan mana!"

"Ji mini angon ƙarya, ko sadaki bai biya ba yana ba ni umarni. Murza gyaɗarka."

Umma ta ce a hankali, "Iya, da kin ba su wata mai daɗi." Iya ta juya rairayi. "Wadda ke bakina ke nan, 'yar nan."

Bayan hajjin shekarar wasu dattawan unguwa suka zo suka ce ko a yi masa sadaka. Malamin da aka tambaya ya ce a'a, wanda ba a tabbatar da rasuwarsa ba, ba a yi masa takaba, sai jira. Umma ta zama ba bazawara ba, ba mai miji a gida ba. Da yammar nan ba wanda ya kunna rediyo. Iya ta fara tatsuniyarta yadda ta saba, har zabuwa ta hau kututture. Sai Bashir, da rashin wayonsa, ya ce, "To me take cewa in tana kiran?"

Iya ta ajiye ludayi. Gyaɗa ta fara ƙauri. Ta juya fuskarta gabas, ta ɗaga murya kamar mai kiran yaro daga lungu.

"Idrisa! Idrisa, ka dawo haka nan!"

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don a ranar na gane cewa Iya ba ta da sauran abin da za ta yi. Kaskon nan duk ya ƙone, ba wanda ya sauke shi.

Baba bai dawo ba. Iya ta rasu a nan Jidda, Umma ta tsufa ba ta sake aure ba, ko da aka ce mata shari'a ta ba ta dama. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar haƙuri take koya mana. Sai da na haifi nawa na fahimci ba wa'azi Iya take yi ba. Ba ta da inda za ta kai ƙara ne, sai gaban jikoki biyu da kaskon gyaɗa.

Kwanaki muna kallon labarai aka ce an tsagaita wuta a wata ƙasa, ana ta nuna manya suna musafaha. Ƙaramar 'yata, mai jin Hausa tana amsawa da Larabci, ta ga na ajiye cokali. Ta ce, "Ummi, halas, ai an gama." Na ce mata ta gama cin abincinta. Ban san yadda zan gaya wa yarinya cewa a wasu gidajen yau ne aka fara ba.