San Hagu na Asahel Dwinell

"Wancan ba Kawu Asahel ba ne? Ina ɗaya san?"

"Kai kaɗai ne ba ka ji ba. Ya karye a dajin katako tun hunturu, aka yanka."

"To me ya kawo shi baje koli da guda? Ko shi zai sa wuyansa a ɗaya gefen karkiyar?"

"Rufe mana baki, yana jin ka."

Yana ji kuwa. Bai juyo ba.

Asahel Dwinell mutumin garinmu ne, a tsaunukan yammacin Massachusetts. Shekara tara yana huɗa da jan katako da shanu biyu, Duke a hagu, Darby a dama. Bai taɓa ɗaga musu bulala ba. Murya kawai, ƙasa ƙasa, kamar mai lallashin mara lafiya. Sau uku yana cin gasar huɗa.

Tun da aka yanka Darby, Duke ya daina aiki. San da ya girma a hagu ba ya komawa dama, kuma ba ya jan karkiya da wanda tsayinsu da takunsu ba ɗaya ba. An gwada masa biyu, ya tsaya ƙyam. Sai ci da kwanciya, har ya yi ƙiba. Ciyawar Asahel kuwa ba za ta ciyar da mai zaman banza wani hunturun ba. Abin da ya kawo shi ke nan: ya samo wa Duke abokin dama, in ba haka ba sai mahauci.

Da Asahel ya hayo gada ya iso filin baje kolin, a bakin shinge magatakardan ƙungiyar manoma ya tare shi.

"Kawu, garken shanun aiki bibbiyu ake shiga. Tsaya da shi can wajen na kiwo, duk ɗaya ne."

Ya tsaya can. Ya wuni yana auna ƙafaɗun shanun mutane da ido. Babu.

Da azahar manyan baƙi suka fito daga coci, kowa da zangarniyar alkama a hula. A gabansu wani ɗan majalisar jiha ne, yana ɗaga ƙafa kamar kaza saboda kashin shanu. Ya tsaya gaban Duke.

"Masha Allah! Baba, me kake ba shi haka?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ba ya aiki ne."

Aka yi dariya, wai tsoho ya iya zolaya. Ɗan majalisa ya yi jawabi a kan albarkar ƙasarmu da himmar manominta, ya ɗaura jan ƙyallen cin gasar ƙiba a ƙahon Duke da hannunsa. Aka tafa.

Kowa a garin ya sani, san da ya ci ƙyallen ƙiba shi ake yanka wa baƙi a liyafar washegari. Magatakarda ya matso, yana sosa ƙeya.

"Wallahi ban yi tunanin haka ba, Kawu. In ka ce a'a, a'a ne."

Asahel ya nemi a'ar a cikinsa. Ya daɗe yana nema. Bai ji komai ba, sai ƙafarsa da ta yi sanyi cikin takalmi.

"Gobe teburi ɗaya za mu zauna da kai, Baba!" in ji ɗan majalisa, ya wuce wajen tumaki.

Mahaucin garin, Jotham Pease, ya zo da igiya a naɗe a hannu. Ajinsu ɗaya da ɗan Asahel a makaranta. Ya kasa haɗa ido da tsohon.

"Kawu, ni aiko ni aka yi."

"Na sani."

Asahel ya miƙa masa sandar kora, ya gyara hularsa. Ya yi taku biyu ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Jotham, riƙe shi da kyau, zai so ya biyo ni. Don Allah ka bari sai na haye gada tukuna."